Kwanon da iska ta ɗauke a Dogon Kiriya, da kundin da ƙura ta rufe a Yamai



Hutun da ya wuce na je gida ganin tsofaffi. Gidanmu wani ƙauye ne cikin karkarar Dogon Kiriya, arewa da Dogon Dutsi. Da safe na fita zagaye, ƙafa ta kai ni bakin makarantar da ƙannena ke karatu. Akwai wani jerin aji uku na siminti da aka gina ƴan shekarun baya, wanda ranar da aka buɗe shi har ganga aka kaɗa. Na tarar biyu daga ciki ba rufi. Hadarin farkon damina ya yaye kwanon, ya nannaɗe shi kamar tabarma, ya yar a gonar wani bawan Allah. Yaran ajin biyu kuwa an mayar da su inda suka fito, ƙarƙashin rumfar zana.

Ina tsaye sai ga wani tsohon magini na garinmu, abokin mahaifina. Na gaishe shi, na ce: “Baba, iskar bana ta yi mana ɓarna.” Ya dube ni ya yi dariya, ya ce: “Ɗana, iska ba ta da laihi. Tun zamanin kakanninmu daga gabas taka tahowa, ba ta taɓa sake hanya ba. Kwanon ga aza shi anka yi, ba a ɗamre shi ba.” Ya ja ni jikin bango ya nuna mini. Ƙarafan da ke riƙe da kwanon, bisa bulo kawai aka ɗora su, aka ɗaure da ƴar siririyar waya, aka shafe da siminti don ido. Babu abin da ya haɗa su da ɗaurin ƙarfe da kankaren da ke zagaye saman bango, wanda magina ke ce wa shenaj.

Kuɗin ƙarfen da zai yi wannan ɗauri bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da kuɗin sabon rufi. Wannan ƴar ƙaramar magana ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na rubuto muku.

Abin da nake son mu gane shi ne: gine-ginen gwamnati a ƙauyukanmu galibi a ƙananan wurare suke mutuwa, wuraren da ba su fita a hoto ranar yanke ƙyalle. Ilimin gyara waɗannan wurare muna da shi a ƙasar nan, a rubuce. Masu ilimin ma muna da su, da yawansu zaune ba aiki. Abin da ya rage shi ne a kai mai sani wurin da ake zuba kankare, a ranar da ake zuba shi.

Bari in faɗi inda gini ke mutuwa, don wanda bai taɓa tsayawa kan magini ba.

Na farko, kai, wato inda rufi ya haɗu da bango. Iskar hadari tana ɗaga kwano ne daga ƙasa, ta shiga ta baki ta cira shi sama. Don haka dole a bar ƙarfe cikin shenaj tun lokacin zuba shi, wanda za a lanƙwasa ya riƙe ƙarafan rufi. In an manta ranar, an manta ke nan, sai dabarar rufa ido.

Na biyu, ƙafa, inda bango ya haɗu da ƙasa. Ruwan da ke zuba daga kwano in ya faɗi gindin bango, shi ke cin tushe a hankali. Maganinsa a ɗaga daɓen ɗaki sama da ƙasar waje, a bar bakin kwano ya fito sosai, a yi ɗan dakali zagaye da gini wanda zai kore ruwa. Iyayenmu masu ginin ƙasa sun san wannan tun tuni. Shi ya sa suke sa indararo mai tsawo, suke ƙara yaɓe a bangon gabas kafin damina, don shi ruwa ke duka.

Na uku, ciki, wato haɗin kankaren kansa. Ƙa'idar da ake koya wa kowane ɗalibin gini ita ce kilo 350 na siminti a kowace mita kubik ta kankaren ginshiƙi da shenaj, buhu bakwai ke nan na kilo 50. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, kuma yana son a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla mako guda. To a ƙauyen da mata ke kwana bakin rijiya, wa zai zuba wa bango ruwa kwana bakwai in ba a sa kuɗin ruwan cikin lissafi ba, kuma ba mai dubawa? Buhu bakwai ya koma biyar, rairayi mai laka ya shiga, rana ta busar da shi kwana biyu. Ranar karɓar aiki fenti ya rufe komai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu a wajenmu tsagar tun ranar haɗa siminti ake yin ta.

Wani zai ce, to kwano ne ya tashi, sai me? Ku tuna inda yaran suke komawa. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamban shekarar, a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka ƙone cikin irin waɗannan azuzuwa. Gwamnati da bakinta ta ce akwai ajin zana kimanin 36,000 a ƙasar. Duk ajin simintin da ya lalace kafin lokacinsa, ɗaya ne aka ƙara kan wannan adadi, bayan an riga an kashe kuɗin fitar da shi. Sannan daminar 2024 ta zo ta nuna mana sauran: sama da mutum 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya ambaliya ta shafa, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe a farkon Satumba, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. An rage kuɗin siminti a watan Oktoban shekarar don a taimaki masu sake gini, kuma abu ne mai kyau. Amma siminti mai araha da aka haɗa ba daidai ba, zubewa zai yi kamar mai tsada.

Yanzu mu zo kan masu ilimin.

Ina da aboki da muka yi zaman ɗaki ɗaya a Yamai. Ya yi masta a fannin gini. Shekara guda ya kwashe yana bincike kan bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti kaɗan. Ya ɗebo ƙasa daga wurare dabam-dabam, ya matse, ya busar, ya jiƙa, ya fasa, ya rubuta nauyin da kowane bulo ya ɗauka kafin ya fashe. Ranar kare kundi muka sha kwalliya, malamai suka yaba, aka ci aka sha, aka ɗauki hoto aka sa a Facebook. Yau kundin yana kan kanta cikin wani ofis, ƙura ta rufe shi. Shi kuma yana gyaran waya a bakin kasuwa. Babu magajin garin da ya taɓa karanta shafi ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba: an rubuta shi da Faransanci mai nauyi, cike da lissafi, kuma ba wanda ya gaya musu yana nan.

Ba shi kaɗai ba ne. Kowace shekara ana yaye ɗaliban gini a EMIG ta Yamai da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Wasu ƴaƴanmu suna zuwa EAMAU ta Lome su karanto zanen gini, wasu 2iE ta Wagadugu. Kowanensu sai ya rubuta kundi kafin a ba shi takarda. Ku tambayi duk wanda kuka sani cikinsu a kan me ya rubuta. Sau da yawa za ku ji lissafin bene mai hawa huɗu ko biyar ne a babban birni. Ba laifi ba ne, birni ma na son injiniya. Amma ginin da Nijar ta fi yi, wanda ta fi maimaitawa sau dubbai, shi ne ajin makaranta mai kimanin mita 9 bisa 7, da ɗakin likita, da makewayi, da rumfar kasuwa. Kuskure ɗaya a zanen aji, kuskure dubu ne. Gyara ɗaya kuma, gyara dubu ne. Ina kundin da ya bi azuzuwan Arewa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta shekarar da aka gina kowane, inda ya tsage, da abin da ya tsaga shi?

Kada wani ya ce aikin ɗalibi ba ya canja komai. Francis Kéré na Burkina Faso yana ɗalibi a Berlin ya zana makarantar firamare ta ƙauyensu Gando, aka gama ta a 2001 tun bai karɓi takardarsa ba. Me ya yi na dabam? Bulon ƙasa ya yi amfani da shi, mutanen gari suka yi aikin. Ya ɗaga kwanon sama da silin a kan ƙarafa don iska ta ratsa ta kwashe zafi, ya fito da bakinsa sosai don ruwa kada ya taɓa bango. Kai da ƙafa ke nan, abin da Baba ya nuna mini. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya.

A gida ma muna da namu. Mariam Issoufou Kamara ta bar aikin kwamfuta ta koma ta yi masta a zanen gini a jami'ar Washington ta Amurka. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka yi ginin Hikma a Dandaji cikin jahar Tawa, aka gama a 2018: tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa matsattse, tare da maginan yankin. Kafin su, a 1962 Falke Barmu ya fara ginin masallacin Yama, shi ma a jahar Tawa, da laka da basirar da ya gada, har ya kai ga kyautar Aga Khan a 1986. Sannan a Cikal, cikin ƙasar Filinge, maƙwabtanmu na yamma, tun 1980 aka fara gwada gini ba da icce ba, inda ake rufe ɗaki da ƙubbar bulon ƙasa, ba azara ba kwano. Iska ba ta da abin ɗauka a irin wannan rufi, gara ba ta da abin ci. Yana da nasa sharaɗi: yana son magini mai horo, yana son a kula da yaɓen samansa kafin kowace damina. Shekara sama da 40 ke nan. Wasu ɗakunan sun tsaya, wasu sun faɗi. Wannan kaɗai ya isa kundi goma: wanne ya tsaya, don me?

Abin da ya haɗa misalan nan shi ne mai zanen yana wurin. Yana tsaye kan aikin, ya san sunan magini, ya san ramin da aka ɗebo ƙasa.

Wannan ya kawo mu ga maganar tura ma'aikata. Tun 2004 muke da kwaminoni. A 2016 aka miƙa musu wasu ayyuka a fannin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, ciki har da gina azuzuwan firamare da kula da su. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa masu riƙo. Amma ko zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, tambayar ɗaya ce: wa ke kusa da shi da zai iya karanta zane, ya duba takardar kuɗin aiki, ya ƙirga ƙarfe kafin a rufe shi da kankare? Ana tura mushe ƙauye. Ana tura ma'aikacin lafiya. Mai ilimin gini kuwa, in akwai shi, yana babban garin gunduma, shi da kwaminoni da yawa, babur ɗaya ko babu. Dogon Kiriya kaɗai ta haura mutum 60,000 a ƙidayar 2012, ƙauyuka a warwatse. Gundumar Dogon Dutsi na da kwamin shida: Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Sukukutan da Dogon Kiriya. Tibiri na da huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mai Ruwa. Mai duba aiki da ke zuwa sau biyu, ranar aza tushe da ranar karɓar makulli, bai ga komai ba, don duk abin da ke kashe gini tsakanin ranakun nan biyu ake binne shi. Wani lokacin ma ɗan kwangilar da za a duba shi ne ke zuba masa mai ya kawo shi. Wanda ya ci ladan kuturu, kun san sauran.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ba.

Za a ce ba kuɗi. Gaskiya ne baitulmali a matse yake. Amma wanda ya gina aji sau biyu ya riga ya biya albashin mai duba aiki, sai dai bai ba kowa ba, iska ya ba. Kuma ba dole kowace kwamin ta ɗauki nata ba. Doka ta yarda kwaminoni su haɗa kai kan aiki ɗaya. Uku su haɗu su riƙe mutum ɗaya da babur ɗinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Za a ce ba tsaro. Wannan ma gaskiya ne, arewacin gundumarmu ya ga tashin hankali, kuma ba zan ce wa ɗan wani ya je ya ba da ransa don bulo ba. Amma malaman makaranta suna can. Ƴan kwangila ma suna zuwa, tunda suna karɓar kuɗinsu. In ana iya zuwa a gina, ana iya zuwa a duba. Mafita ita ce a fara da ƴaƴan yankin, waɗanda suka san hanya, suka san wa za a gaisar, suke da ɗakin kwana a gidan iyayensu.

Za a ce matsalar cin hanci ce, injiniya ma sai a saye shi. E, ana iya sayen mutum ɗaya. Shi ya sa bai kamata ilimin ya tsaya a kansa shi kaɗai ba. Ranar da kwamitin iyayen yara ya san buhu nawa ya kamata ya shiga shenaj, ranar da tsoho irin Baba ya samu izinin cewa a dakata, sayen kowa da kowa ya yi tsada.

Mu ma matasan birni mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawanmu in aka tura mu ƙauye, washegari muna gidan kawu ana neman wanda zai buga waya a soke. Mun mayar da turawa karkara kamar horo, wurin da ake jefa wanda ba ya da kowa. In haka ne ba mu da bakin zagin ginin da ya faɗi.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, mu kuma matsa a kai.

Ga makarantunmu na gini: kowace shekara a nemi kwaminoni su kawo matsalolinsu, a mayar da su batun kundi. Ɗalibi ya je ya zauna can, ya auna, ya tambayi magina. Kuma kada a ba shi takarda sai ya taƙaita sakamakonsa a shafi biyu, da zane, da Hausa ko Zabarmanci, yadda magini zai gane. A sa kundayen a intanet kowa ya samu.

Ga masu tura ma'aikata: matasan da suka karanta gini da ke neman sabis sibik, a daina tara su a ofisoshin Yamai suna jiran tashi. A tura su kwaminoni da aiki bayyananne, da abin hawa, da alawus da ke zuwa kan lokaci. Wanda ya yi shekara biyu a karkara a sa shi gaba ranar ɗaukar aiki.

Ga shugabannin kwaminoni: a kafa allo bakin kowane aiki, da sunan ɗan kwangila, da kuɗin, da ranar gamawa, da sunan mai dubawa. Kada a zuba kankaren tushe ko na shenaj sai mai dubawa da wakilin iyaye sun ga ƙarfen da idonsu. Akwai wani kaso na kuɗin ɗan kwangila da ake riƙewa sai an yi karɓar ƙarshe, galibi bayan shekara guda. Kada a sake shi sai gini ya ga damina, an kuma tambayi daraktan makaranta abin da ya gani.

Ga mu kanmu: kowa na da ƙauye. In ka je gida, ka ɗauki rabin awa ka zagaya makarantar garinku. Ka dubi inda kwano ya haɗu da bango. Ka dubi gindin bangon gabas. Ka goga bulo da makulli ka ga ko yana zubar da rairayi. Ka ɗauki hoto, ka tambayi shekarar da aka gina, ka rubuta. Ba don a ci mutuncin kowa ba. In mutum ɗari suka yi haka, mun tara abin da ɗalibi zai fara kundinsa da shi, mun kuma samu abin da za mu aza gaban hukuma wanda ya fi zagi nauyi. Ku da kuka riga kuka kare kundi, ku kakkaɓe shi, ku gaya mana da harshen gida abin da kuka gano.

Kafin in baro gida na koma na yi wa Baba sallama. Na ce masa an ce za a sake rufa ajin. Ya ce: “Madalla. Amma ka gaya musu, in sun zo su kira ni in gani. Ba ni son ko dala.” Na yi masa alkawari zan faɗa. Aji na uku, wanda kwanonsa bai tashi ba, hannu ɗaya ne ya rufa shi da sauran biyun, kuma ƙanwata a cikinsa take zama. Hadari na nan tafe daga gabas kamar kullum.

Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba mu damina mai albarka.